Kufai

Jiya hanya ta bi da ni ta wani kufai, har yanzu abin bai bar raina ba. Ƙauye ne guda da ya watse a farin 1973, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka ƙare, mutane suka bazama neman abinci.

Damina ta cinye katangu, sai tuddan ƙasa. Amma dutsen niƙa yana nan, tsakiyarsa ta lotsa, bakin rijiya kuwa duk zanen igiyar guga ne. Abin da ya fi sosa mini rai maƙabartar ce, an fara nome gefenta. Don Allah, wanda ke da dattijon da ya taso a irin wannan gari ya zauna da shi, ya rubuta sunayen unguwanni da na masu gari.