Gezar goshi irin ta da: naɗi ya fi mana almakashi

Sana'ata gyaran kan amare da ƙawayensu ce a nan Kano, kuma a 'yan shekarun nan hotunan da 'yan mata ke nuna min a waya sun canza. Da can hoton wata amaryar Instagram za a miƙo min. Yanzu sai ki ga an lalubo tsohon hoto baƙi da fari na wata Baturiya da ta yi tashe tun kafin a haifi iyayenmu, gashi ya sauko mata kan goshi ya tsaya cak a saman gira. Maganar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce: "Anti, irin wannan za ki yanke min, goshina ya yi yawa." Ina son wannan salo ƙwarai, kuma ina yi wa mata shi. Abin da ba na yarda da shi cikin sauƙi shi ne ɗaukar almakashi.

Gezar goshi ta yi zamani daban-daban a Amurka da Turai. A shekarun 1920 Louise Brooks, 'yar fim ɗin Amurka, ta yi suna da gajeren gashi baƙi wuluk da geza madaidaiciya wadda ta rufe goshin gaba ɗaya har gira. A farkon shekarun 1950 Audrey Hepburn, ita ma 'yar fim, ta zo da tata, 'yar gajeruwa, mai tsayawa can sama ta bar fiye da rabin goshi a buɗe, girarta masu kauri suka samu fili. A shekarun 1960 kuma Brigitte Bardot ta Faransa ta yi fice da doguwar geza da ake tsagawa a tsakiya, rabi ya tafi dama rabi hagu. Amma wadda aka fi kawo min hotonta ita ce Bettie Page, mai sana'ar tsayawa a ɗauke ta hoto. Irin hotunan da ta yi ba abin koyi ba ne a wurina, gashin kawai nake magana. Labarin gezarta sananne ne: a 1950 ta haɗu da wani ɗan sanda baƙar fata a birnin New York, Jerry Tibbs, wanda ke ɗaukar hoto a lokacin hutunsa, shi ne ya ba ta shawara ta sauko da gashi kan goshinta saboda yana da tsawo kuma yana ƙyalli a hoto. Ta yanke shi da ɗan lanƙwasa, tsakiya ya fi sauka, gefe da gefe suka ɗan hau, kuma har yau da sunanta ake kiran wannan yanka.

Dukkan matan nan gashinsu mai santsi ne, nauyinsa kaɗai ya isa ya kwantar da shi ƙasa. Namu ba haka Allah ya yi shi ba. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, idan kika ja shi ya kai haɓa, kina saki ko ruwa ya taɓa shi sai ya koma rabin tsawonsa, wani ma ƙasa da haka. To ki ɗauka an busar da shi da diraya, an bi shi da ƙarfe mai zafi ya miƙe, aka yanke daidai gira. Ranar farko sai san barka. Sai dai mu masu alwala ne, kuma shafar kai daga gaban goshi take farawa, daidai inda gezar take. Ga zufar bazara, ga damshin damina. Kafin la'asar gashin ya ɗage ya zama ɗan tukku a saman goshi, ba ya shiga kitso, ba ya kai wa ribom. Mafita ɗaya ke rage wa mai shi: kullum ta sa masa wuta, ko ta yawaita rilaksa, alhali gashin gaba shi ne mafi rauni a kai. Gashi kuwa yana ƙaruwa da kamar santimita 1 ne a wata, wani ya ɗan ɗara, don haka abin da almakashi ya cire a ƙiftawar ido sai an doshi shekara ana jiransa.

Shi ya sa nake jan hankalin masu zuwa wurina zuwa shekarun 1940. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata da yawa a Amurka da Ingila sun shiga aikin masana'antu, kuma gashi mai lilo a fuska ya zama haɗari kusa da inji. Veronica Lake, 'yar fim ɗin Amurka, ta yi tashe da dogon gashi mai rufe ido ɗaya, mata suna kwaikwayonta, har sai da hukumomin Amurka suka nemi ta canza salo, ta kuwa ɗage shi sama. A wannan zamani naɗaɗɗen gashi ya mamaye ko'ina, ciki har da gezar da ba a yanka: a ɗebo dogon gashin gaba, a naɗe shi ya yi gammo a kan goshi, a soke da fil. Domin ya yi tudu, sukan cusa ɗan matashi a ciki, wani lokaci na gashin da suka tara daga mataji. Duk wadda ta tarar da tsofaffin da ke ba da labarin kitson doka ta san dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin kakanninmu ma a kan matashi suke gina tudun gashi, nasu dai a tsakiyar kai yake.

A wannan salo gashinmu ya fi na Turawa dacewa. Su sai sun yi ta tsefe gashin baya-baya, sun fesa masa magani, kafin ya yi kauri ya tsaya. Namu da kaurinsa ya zo, yana riƙe fil da kyau, kuma idan danshi ya ɗan taɓa shi naɗin ƙara cika yake yi. Hannu mai ɗan laima ya bi ta kai a alwala, ki gyara da yatsa, shi ke nan.

Ga yadda nake yi. Daren jajibiri nakan sa a wanke kai, a shafa man kaɗanya kaɗan, a ɗaure gashin gaba da zare ko a yi masa manyan kalaba biyu ya kwana. Da safe ya miƙe daidai gwargwado ba tare da wuta ba. Sai in ɗauki tsinken kitso in yi tsaga mai siffar kusurwa uku: gindinta a layin goshi, daga saitin ƙarshen gira zuwa ɗaya ƙarshen, kanta kuma yana komawa baya kamar faɗin yatsu uku. Ragowar gashin a ɗaure shi baya ko a kitse shi. Wanda aka ware sai in taje shi gaba ya rufe fuska. Idan an ja shi ya kai ƙarshen hanci, ya wadatar. Daga bakin gashin nake farawa, in ɗora shi a kan yatsu biyu in naɗo shi ciki kamar naɗin tabarma, yana tahowa wajen goshi, har ya zo gindi. Sannan in zare yatsun, in lanƙwasa gefe da gefe su ɗan hau sama, in soke fil ɗaya daga kowane ɓangare ta cikin ramin naɗin, inda ba za a gan shi ba. Abu na ƙarshe shi ne baza gashin a hankali da yatsa har ramin ya rufe. Wannan bazawar ita ce aikin, kuma ita ce aka fi yi wa gaggawa. Naɗin da ba a baza ba yakan fito siriri da rami a gefe, ya zauna a goshi kamar an ɗora shi.

Fil kuwa, ɓangarensa mai tudu-tudu shi ke kallon fatar kai, kuma duk wanda ɗan robar bakinsa ya cire ki jefar da shi, yana yankar gashi.

Sai batun goshin kansa, wanda shi ne dalilin zuwan yawancinsu. Ina aunawa da yatsun mai kan, ba nawa ba: ta kwantar da hannunta tsakanin gira da layin gashi. Idan yatsu huɗu suka shiga har da saura, goshin dogo ne, kuma a nan nakan sauko da naɗin ya ci kamar rabinsa, in bar fili mai kyau a saman gira. Ba na yarda a rufe shi duka. Idan gashi ya zauna a kan gira fuska takan dushe, ido ya shige ciki, kwalli da jagirar da aka ɓata lokaci ana yi su tafi a banza. Mai faffaɗan goshi kuma matsalarta a gefe take, don haka tsagar ba za ta wuce saitin tudun gira ba, sai a kwanto da ɗan gashi daga gefe ya bi ta saman kunne ya rage faɗin. Idan aka yi mata naɗi daga kunne zuwa kunne, faɗin ake ƙara nunawa. Wadda yatsu biyu ko uku suka cika goshinta, ita ma takan so geza, kuma tana iya yi, sai dai a fara tsagar daga can baya, naɗin ya tashi sama ya taɓa layin gashi kawai, ta haka fuskar ke ƙara tsawo. Mai zagayayyiyar fuska nakan karkatar mata da shi gefe guda. Mai tabarau a bar mata tazara, kada gashi da gilashi su haɗu.

Akwai abin da ke damuna a wannan magana ta "goshina ya yi yawa". Yarinya kyakkyawa ta zauna tana faɗin haka da sanyin murya, ki bincika ki tarar tun tana firamare ake tsokanarta. A Turai ta ƙarni na 15 mata tsige gashin gaba suke yi don goshi ya ƙara tsawo, saboda shi ne kyau a idonsu a lokacin. A nan gida ma, ki dubi kitson Fulani da shuku, dukkansu fito da goshi suke yi fili. Ni a ganina geza ado ce da ake yi wa goshi, yau a yi gobe a kwance, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa na fi son naɗi. Wadda ta yanke ta ɗaure kanta da ɓoye goshinta kullum, ko tana so ko ba ta so.

Wasu kuma ba tudu suke so ba, sun fi son 'yan lanƙwasar gashi da ake mannawa a fatar goshi. Wannan ma tsohon yayi ne. Josephine Baker, baƙar fata 'yar Amurka da ta isa Paris a 1925, ta shahara da gashi a kwance lif yana ƙyalli da lanƙwasa a goshi da gefen kunci, har aka riƙa sayar da man gashi mai suna Bakerfix. Yana kyau a fuska mai tsawo, musamman in an yi guda ɗaya babba a gefe maimakon ƙanana barkatai. Sharaɗina shi ne a wanke jel ɗin a daren. Jel da ya kwana ya bushe, aka wayi gari aka ƙara wani aka bi da buroshi, a hunturu musamman, karya gashin gaba yake yi, kuma yakan fito da ƙuraje a layin goshi.

Game da matashin da ake cusawa, ni ba na amfani da gashin mutum, domin hadisin da ya hana ƙarin gashi sananne ne. Mafi yawan kawunan da nake gyarawa ma ba sa buƙatar komai a ciki. Idan gashin bai cika ba nakan naɗe ɗan ƙyalle baƙi mai laushi, tsawon yatsa, in sa a tsakiya, kuma ina gaya wa mai kan tun kafin in fara, wadda ranta bai kwanta ba sai mu yi ƙaramin naɗi da nata gashin kaɗai. Kwalliyar nan ta cikin gida ce da taron mata, ranar kamu ko sa lalle, ko don maigida. Da ɗankwali tana zama daram: a ja ɗaurin baya kaɗan ya tsaya daidai bayan tsagar, naɗin ya leƙo ta gaba. Ma'aikatan masana'antun can na lokacin yaƙin ma haka suke haɗa naɗi da ɗan ƙyallen kai, kullin a sama. In za a fita, a zare fil biyun, a mai da gashin baya, a sa hijabi. Kada a danne naɗin da fil a ciki a ƙarƙashin matsattsiyar hula, ƙarfen zai yi ta gugar wuri ɗaya.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne masu zuwa neman geza don gashin gabansu ya riga ya tafi. Sau da yawa kitso mai tsauri ne ya ci shi, ko ribom da ake ɗaurewa tamau shekara da shekaru. Alamar tana bayyana tun da wuri: ƙananan ƙuraje a gindin kitso, ciwon kai ranar da aka yi shi, gira ta ɗage saboda ja. Masu jego kuma nasu daban ne, yakan zuba watanni kaɗan bayan haihuwa, galibi ya dawo da kansa. Ga duk waɗannan nakan fara tsagar daga baya, inda gashi ke da ƙarfi, in naɗo shi ya sauko ya lulluɓe wurin ba tare da ya ja ko ƙwaya ɗaya daga gaba ba, fil ɗin ma can baya nake soke shi. Wurin da ya zube a bar shi ya huta, ba jel, ba buroshi, ba rilaksa, kitso kuma a ce wa mai kitso ta sassauta hannu ta bar 'yan gashin gaba. Idan watanni suka wuce ba a ga sabon tsiro ba, ko fatar wurin ta yi sumul tana ƙyalli, ko ana jin ƙaiƙayi da zafi, a je wurin likitan fata da wuri, domin idan gindin gashi ya mutu ya zama tabo babu man da zai dawo da shi.