Na ajiye raket, ga abin da guiwata ta koya min

Jiya na je hol na kwashe kayana, raket uku, takalmi biyu, da tsohon bandejin guiwa da robarsa ta riga ta saki. Shekara 14 ina buga badminton na mutum ɗaya, kuma tun da na sanar cewa na bari ƙannena na tim suke ta turo min saƙo wai Anti ki rubuta mana wani abu. To ga shi, amma ku yi haƙuri, mafi yawansa a kan abu ɗaya ne, don shi ne ya fi ci min rai har yau.

Saura sati shida a yi gasar da za a zaɓi waɗanda za su tafi sansani, muna tirenin da safe, koci yana jefo shatil, wato ƙwallon badminton mai gashin tsuntsu, ɗaya bayan ɗaya kusurwa huɗu, kun dai san yadda abin yake, ba ka gama dawowa tsakiya ba an sake jefo wani. Na kai dogon taku gaban raga ta hannun dama, ƙafata ta sauka a simintin nan da ba tabarmar roba a kansa, sai na ji ƙas a cikin guiwa. Ban faɗi ba, na ma ƙarasa tirenin ɗin. Da daddare ne da na zo yin sallar isha'i na kasa lanƙwasa ƙafar, a zaune na yi, guiwar ta kumbura ta yi sumul har ba a ganin ƙoƙonta.

Washegari na sami kocin a bakin fili yana ɗaure igiyar raga, na gaishe shi na ce, Koci, guiwata fa ta kumbura tun jiya, ina so a duba min. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, ke, ku mata matsalarku kenan, abu kaɗan sai raki, yara uku ne a bayanki suna jiran gurbin nan, in ba za ki iya ba ki faɗa min yanzu in sa sunan wata. Na ce zan iya Koci. Wallahi wannan kalmar ita ce kuskuren da na yi, kuma da bakina na faɗe ta. An tarbiyyantar da mu a kan babba in ya yi magana ba a ja, ga tsoron rasa alawus ɗin sansani da na riga na yi wa Umma alkawarin wani abu a ciki, ga kuma kunyar a ce 'yar Arewa ɗaya tilo a tim ita ce ta fara janyewa. Sai na koma shafa man zafi, ina ɗaure bandeji, ina shan maganin rage zafin ciwo diclofenac safe da yamma, sati shida cur ban gaya wa kowa a gida ba.

Wanda bai buga na mutum ɗaya ba ba zai gane abin da guiwa take ɗauka ba. Filin mita 13.4 ne a tsawo, faɗin mita 5.18, kuma rabinsa naki ne ke kaɗai, ba abokiyar wasa da za ta rufa miki asiri. Duk abokiyar karawar da ta san aikinta tana ganin kina ɗingishi za ta riƙa tura ki can baya sannan ta ajiye miki shatil a gindin raga, baya, gaba, baya, gaba, har sai ƙafar ta gaza. Haka aka yi min kuwa a ranar gasar, kuma ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Na ci zagayen farko da 21 da 17. A na biyu da aka kai 11 aka ba da hutun daƙiƙa 60, na ce masa a hankali, Koci ƙafar tana rawa, ya ce ki daure saura kaɗan. Muna 14 da 12 na yi tsalle zan buga simash, wato dukan ƙarfi daga sama, daga kusurwar baya, na sauko a kan ƙafar, guiwar ta juya ciki ta bar ni a ƙasa. Abin da nake tunawa shi ne sanyin simintin a kumatuna da shatil ɗin yana kwance kusa da fuskata, gashinsa biyu sun karye.

Hoton MRI ya nuna jijiyar cikin guiwa da likitoci ke kira ACL ta tsinke gaba ɗaya, gurunguntsin ma ya yage. Likitan ya tambaye ni tun yaushe take kumbura, da na ce sati shida sai ya ajiye biro ya dube ni ya ce, 'yata, wa ya bar ki kika ci gaba da wasa a haka? Ban iya ba shi amsa ba, Abba yana zaune a gefe. Kuɗin aiki Abba ne ya sayar da filinsa, Umma ta haɗa da 'yan kunnenta. Shi kuwa kocin ko waya bai yi ba, daga baya ne na ji ya gaya wa manya cewa ni ce na ɓoye ciwon, bai san komai ba. Wannan maganar ta fi min tiyatar zafi. Na dawo fili bayan wata 11, na ƙara shekara uku ina bugawa, na ci wasanni da nake alfahari da su, amma takun gaban nan bai taɓa dawowa yadda yake ba, kullum da ɗar-ɗar nake kai shi.

A watan Agustan 2024 ina kallon wasan Olamfik na Paris a waya na ga Carolina Marin ta Sifaniya, wadda ta ci zinare a Rio a 2016, ta ci zagayen farko tana kan gaba a na biyu a wasan kusa da na ƙarshe da He Bingjiao ta Sin, guiwarta ta sake tafiya, karo na uku kenan bayan na 2019 da na 2021. Ta sa abin ɗaure guiwa ta gwada ci gaba, ta kasa, ta durƙusa tana kuka, ni ma na yi kuka har Umma ta leƙo ɗaki. Washegari An Se-young ta Koriya ta Kudu ta ci zinaren, tana da shekara 22, kuma a ranar da duniya ke tafa mata ta fito gaban 'yan jarida ta ce ba ta ji daɗin yadda aka yi sakaci da ciwon guiwar da ta samu a 2023 ba. Na maimaita bidiyon ya fi sau goma. Yarinya ƙarama ta faɗi abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya a bakin fili. Don haka ƙannena, in guiwa ko idon sawu ya kumbura ku je a ɗauki hoto, ku rubuta wa koci a saƙon waya don ya zama akwai shaida, ku gaya wa iyayenku a ranar. Kar ku tsaya a maganar baki kamar yadda na yi.

Sauran kuma gajeru ne. Matsayi a jadawalin duniya da maki ake samunsa, ana ɗaukar sakamako 10 mafi kyau a cikin sati 52, wato in ba ki da kuɗin jirgi ko mai ɗaukar nauyi, gasar ƙasa da ƙasa da ake yi a Legas ita kaɗai ba za ta kai ki ko'ina ba, ki fara neman mai tallafa miki tun kina da ƙarfi. Kar ki bar makaranta, difloma ta ce take ciyar da ni yanzu. Maganar sutura kar ta hana ki, ni da dogon wando da ɗankwali na buga duk shekarun nan, Soraya Aghaei ta Iran ma da hijabinta ta buga a wasan Olamfik na Tokyo. Kuma daga ƙasar nan ana kaiwa, Dorcas Adesokan ta ci kofin Afirka a Fatakwal a 2019 ta je Tokyo, Eniola Bolaji ta ɗauko tagulla a wasannin nakasassu na Paris.

Jiyan da nake fita da jakata na gamu da kocin a ƙofar hol, ya tsufa, ya ce a'a, ashe da gaske tafiya za ki yi. Na rusuna na gaishe shi yadda aka koya min, na ce eh Koci. Na ɗan tsaya ko zai ƙara wata magana, sai ya juya yana kiran wata yarinya ta kawo masa kwalin shatil. Ranar Asabar zan fara da yara mata takwas a filin makarantarmu, na riga na karɓi lambar iyayen kowacce.