Laraba: ranar da na ga yunwa ta kama Tokzofilazma

Ban yi barcin kirki ba, hankalina duk yana kan farantai ukun da na shuka ƙwayoyin halitta a ciki na bari a inkubeta. Ran Litinin na ɗiga wa biyu daga ciki intaferon gama, wani sinadarin garkuwar jiki, na bar ɗaya haka nan. Jiya Talata na zuba wa dukkansu Tokzofilazma gondi, ƙwayar cutar nan da ke cika zagayen rayuwarta a hanjin kyanwa, amma take iya shiga kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum. Faranti na uku, ɗaya daga cikin masu intaferon, na ƙara masa tiriftofan fiye da kima, wato wani sinadari da ake gina furotin da shi.

Da na sa ido a maikiroskof, faranti na farko na fara dubawa, wanda babu intaferon. Ga ƙwayoyin cutar nan jere cikin 'yar jakar da suka gina wa kansu, huɗu-huɗu, takwas-takwas, kowace ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, sun haɗa gindi wuri guda kai ka ce fure. Da kyau a ido, amma gabana sai da ya faɗi, don na san abin da wannan furen ke yi wa ɗan tayi idan uwa ta kamu tana da ciki.

A faranti na biyu kuwa ɗai-ɗai na gani, wani wuri biyu. Ba su mutu ba, suna nan, sun dai kasa ninkuwa.

Na sha karanta dalilin, amma gani ya kori ji. Shi intaferon gama ba guba ba ne, saƙo ne kawai da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aikawa. Idan ya sauka a kan ƙwayar halitta sai ta shiga ƙera wani inzayim mai suna IDO, shi kuma ya bi tiriftofan ɗin da ke cikinta ya wargaza. Tokzofilazma ba ta iya ƙera nata, a rumbun mai gida take ɗiba. Mai gida ya gwammace ya ƙone rumbunsa da dai baƙuwar ta ƙoshi. Elmer Pfefferkorn ne ya nuna haka a Amurka a 1984, da irin wannan gwajin.

Faranti na uku shi ya sa na ruga na kira Malama. Akwai intaferon, amma da yake tiriftofan ya wadata, furannin sun dawo. Ta duba ta daɗe, sannan ta ce, "Madalla. Amma kada ki ɗauka kullum jiki ke cin nasara. Je ki karanta Kilamidiya."

A kan haka na wuni. Ashe nau'in bakteriyar Kilamidiya da ke kama al'aura yana da mafita: idan tiriftofan ya ƙare sai ya ɗauki sinadarin indol, wanda wasu bakteriya na wurin ke fitarwa, ya ƙera nasa. Nau'in da ke kawo tirakoma, ciwon idon nan mai makantarwa, ya rasa wannan dabarar. Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce wata bakteriya mai suna Sudomonas. A 2005 aka gano tana da wani furotin a fatarta da ke kama intaferon gama ɗin kansa, da ta ji shi sai ta ƙara fitar da dafinta. Wato saƙon da jiki ya aika wa dakarunsa, abokiyar gaba ma tana saurare. Rabon da wani abu ya tsaya mini a rai haka har na manta.

Da yamma na ɗauki hotuna, na ƙirga jakunkuna har idona ya yi ja. Gwaji ɗaya ba ya zama hujja, don haka na sake shuka sababbin ƙwayoyin halitta kafin in tashi. Wannan karon zan rarraba intaferon ɗin mataki-mataki, in ga daga ina yunwar ke fara kama su.