Sabbin lakcarori, ku buɗe baki ku yi tambaya

Ƙannena maza da mata da kuka karɓi takardar ɗaukar aiki a jami'a kwanan nan, ina taya ku murna, Allah Ya sanya albarka Ya sa ku gama lafiya. Na san yanzu a gida an fara ce muku malam, wasu ma tun ba a je ko'ina ba sun maƙala muku dakta, 'yan uwa sai kira suke a samo wa yaransu admishan. To ga abin da babu wanda ya gaya min lokacin da na fara: ba wanda zai zaunar da ku ya koya muku aikin nan. Za a nuna muku tebur a ofishin da kuke ku uku ko huɗu, a miƙo muku jadawalin lakca, shikenan an gama da ku. Sauran kuma sai wanda ya buɗe baki ya tambaya. Ni ban tambaya ba, don a ganina wanda ya fita da sakamako mai kyau har sashensu ya riƙe shi bai kamata a ji shi yana tambayar yadda ake cika fom ba, kuma wallahi kusan duk asarar da na yi a shekarun farko daga wannan kunyar ta fito.

Kowace jami'a tana da ɗan littafin sharuɗɗan aiki na manyan ma'aikata, da kuma ƙa'idojin ƙarin girma. Ku je rajistara ku nema tun a satin farko, in babu kwafi ku ara ku yi fotokwafi ko ku ɗauka a waya. Ni sai da na yi shekaru ina aiki kafin na buɗe shi, a nan na ga ashe tabbatar da mutum a aiki ba ya zuwa da kansa, akwai lokacin gwaji, yawanci shekara biyu ko uku gwargwadon jami'a, in ya cika kai ne za ka rubuta ta hannun shugaban sashe ka nema. Ni ina zaune ina jiran a kira ni. Wanda muka shigo tare ya riga ya nema tuntuni, da lokacin furomoshan ya zo nasa fayil ɗin ya wuce nawa ya tsaya, kuma ba wanda ya zalunce ni, takarda ɗaya ce babu a ciki. Tsanin kun san shi, daga GA, wato matakin farko na mai digiri na ɗaya, zuwa mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, siniya lakcara, rida, sannan farfesa, kuma a yawancin wurare sai ka yi aƙalla shekara uku a mataki kafin a duba ka zuwa na gaba. Kun ga in ka rasa zagaye ɗaya ba wata ɗaya ka rasa ba, shekara ce guda ta tafi kuma za ta bi ka har ƙarshen aikinka. Ku buɗe fayil naku na kanku a gida, duk takardar da aka ba ku, ko ta saka ku a kwamitin mutum uku ce, ku ajiye kwafi. Ranar cika fom ɗin tantancewa na shekara za ku gode min.

Abin da ya fi cin raina har yau shi ne maganar digiri na uku. Sabon malami a sashe kowa na son sa saboda ba ya cewa a'a. Aka ce in riƙe 'yan aji ɗaya a matsayin kodineta na ce to, aka ƙara min haɗa jadawali na ce to, aka ce in taimaka wa jami'in jarrabawa na ce to, daga baya ma aikin ya dawo kaina gaba ɗaya, ga kwasa-kwasan da manya ba sa so na ajin da ɗalibai suka cika hol har wasu na tsaye a taga, ga ɗaliban furojet, ga zagayen duba masu SIWES, wato ɗaliban da aka tura koyon aiki a ma'aikatu. Ina jin daɗi ana yabona a mitin ana cewa yaron nan akwai ƙoƙari. Shekara na zagayowa shekara na zagayowa, babin farko na bincikena yana nan yadda na bar shi a kwamfuta. Sufabaizana, Allah Ya saka masa da alheri, ya taɓa tsayar da ni a bakin ofishinsa ya ce min aikin sashe ba ya ƙarewa amma lokacin karatunka yana ƙarewa, na ce na ji, ban ji ba. A mafi yawan jami'o'inmu ba za ka taka siniya lakcara ba sai da digiri na uku, duk yabon da aka yi maka a mitin ba ya shiga wannan lissafin.

Ba cewa nake ku ƙi aiki ba, wanda ya shigo yana zaɓen aiki tun ranar farko shi ma ya ɓata sunansa, kuma riƙe aji ko aikin jarrabawa yana koya maka jami'a fiye da komai. Amma ku ɗauki ɗaya ku yi shi da kyau, in an kawo na biyu ku samu HOD, wato shugaban sashe, a ofis shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ku ce ranka ya daɗe ina kan babi kaza kuma ina so in gabatar da siminar a wannan zangon, a taimaka a ɗaga min wannan zuwa baɗi. Yawancin shugabannin sashe za su fahimta, su ma ta nan suka bi, kuma sashe na buƙatar masu digiri na uku in NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta zo tantance kwasa-kwasai. Ni ban taɓa gwadawa ba shi ya sa ban san ƙofar a buɗe take ba.

Sannan ku san TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na gwamnati, tun da wuri. Dokar 2011 ce ta kafa ta a madadin tsohon asusun ilimi na ETF, kuɗinta daga harajin da kamfanoni ke biya yake fitowa, kuma jami'o'in gwamnati na tarayya da na jiha duk suna ciki. Akwai tallafin ƙaro karatu na malamai, akwai na halartar konfarens, akwai na bincike a matakin jami'a. Komai ta hannun jami'arku yake bi, kuma akwai jami'in da ke kula da teburin a kowace makaranta. Ku san ofishinsa, ku gaishe shi, ku tambaye shi yaushe ake buɗewa da takardun da ake nema, don sanarwar wani lokacin tana isowa sashe saura kwana kaɗan a rufe. Kuma in za ku sa hannu a yarjejeniyar dawowa ku yi wa jami'a aiki bayan karatu, ku karanta ta layi-layi kafin ku sa.

Da na farga an bar ni a baya sai na yi gaggawa, gaggawar kuma ta kai ni wani ramin. Saƙonni na ta shigowa imel ɗina daga wasu mujallu masu dogayen sunaye, ka turo muƙala yau a buga ta cikin sati biyu, ka biya da dala. Na biya, aka buga, ko waƙafi ba su gyara min ba, na yi murna na sa a fom. Kwamitin tantancewa ya cire su, kuma gaskiyarsu ne. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tattara sunayen irin waɗannan mujallu na damfara kafin ya rufe jerin nasa a 2017, wato abu ne da duniya ta sani, ni ne ban tambaya ba. Kafin ku tura muƙala ko'ina ku tambayi laburaren jami'arku ko wani babba a sashe ko ana karɓar mujallar, ku duba ko tana Scopus, wato rumbun mujallun da aka tantance, ko dai jami'a ce sananniya ko ƙungiyar masana ke fitar da ita. Mujallar da ta dawo muku da aikinku cike da gyara ta fi muku amfani. Haka maganar sa suna a muƙalar da ba ku rubuta ko layi ɗaya ba, ka sa ni in sa ka, ranar intabiyu za a tambaye ku abin da ke ciki.

Yanzu jarrabawa. Nan ne sunan malami ke tashi ko ya faɗi, kuma nan ne na yi kuskuren da ya taɓa wani ba ni kaɗai ba. Na karɓi ƙunshin takardun amsa daga hol ban ƙirga su na gwada da takardar sa hannun ɗalibai ba, na jefa a but ɗin mota na tafi gida, na yi makin a falo yara na kai da kawo. Da na shigar da maki sai lamba ɗaya ta zo babu komai, ni kuma na rubuta bai zauna ba. Sakamako ya wuce mitin ɗin sashe, ya wuce na tsangaya, aka liƙa. Sai ga yaro a ƙofar ofis riƙe da katin jarrabawarsa da sa hannun mai sa ido a jiki, muryarsa na rawa yana cewa malam wallahi na rubuta. Takardarsa ta maƙale ne a cikin ta wani, na same ta daga baya a ƙasan kwali. Gyara sakamakon da ya riga ya wuce majalisar jami'a ba wasa ba ne, takarda ce kan takarda, kuma kafin a gama yaron nan abokansa sun tafi bautar ƙasa shi yana gida. Har yau in na tuna fuskarsa ba na jin daɗi. Ku ƙirga takardu a hol kafin ku sa hannu, ku sake ƙirgawa kafin ku mayar, ku ajiye makin CA, wato na gwaje-gwajen cikin zango, a takarda da kuma kwamfuta, ku nuna wa ɗalibai shi kafin jarrabawa don mai ƙorafi ya yi tun da sauran lokaci.

Dangane da ɗalibai kuma maganar gajeriya ce. Kada ku sayar da handawut, kada ku karɓi ko katin waya daga hannun wanda makinsa ke hannunku, ƙofar ofis ta zauna a buɗe in ɗalibi ko ɗaliba na ciki, saƙo ya bi ta wakilin aji. Kuma kada ku shiga aji da tsohon littafin da kuka kwafa kuna ɗalibai kamar yadda na yi a farko, NUC ta fito da sabuwar manhajar CCMAS a ƙarshen 2022, ita ta tsara kashi 70 ta bar wa jami'o'i kashi 30, ku nemi ta sashenku ku ga me ake so ku koyar.

Akwai mutanen da na wuce su shekaru da gaisuwar baki kawai, sakatariyar sashe, masinja, ma'aikatan rajistara da na ofishin kuɗi, masu kula da ɗakin gwaji. Daga baya na gane sakatariyarmu ta ga shugabannin sashe da yawa sun zo sun tafi, ta san wace takarda ke bin wace hanya, ta san ranar da kwamiti ke zama, da na tambaye ta tun farko da maganar tabbatar da aikina ba ta kwana ba. Ku gaishe su da sunansu, wadda ta girme ku ku ce mata Hajiya ko Anti, dattijon masinja ku ce masa Baba, in an yi musu rasuwa ko haihuwa ku je. Siyasar sashe kuwa za a jawo ku tun a watan farko, wannan ɓangaren zai kira ku shan shayi wancan ma zai kira, ku sha na kowa kada ku ɗauki maganar wani ku kai wa wani. Rigimar da kuka tarar ta girme ku.

In kuma garin ba naku ba ne, kada ku yi zaman da na yi, daga kwatas zuwa aji daga aji zuwa kwatas, Juma'a na yi in kama hanyar gida. Na zauna a gari ban san sunan mai unguwa ba, sai ranar da rashin lafiya ta kama iyalina da tsakar dare mota ta ƙi tashi, maƙwabcin da ban taɓa zama na gaisa da shi da kyau ba shi ya fito da tasa ya kai mu asibiti ya zauna har asuba. Da ɗan gari akan ci gari. Ku yi sallah a masallacin unguwa, masu zuwa coci su san cocin unguwa, ku je jana'iza da ɗaurin aure, in makarantar firamare ko Islamiyyar layinku na neman mai taimaka wa yara da lissafi ko turanci ku ba da awa ɗaya a sati. Ku 'yan uwa mata da kuka zo da ƙananan yara ku nemi manyan malamai mata tun da wuri, su suka san makarantar da ta dace da mai reno mai amana, kuma su za su gaya muku haƙƙinku na hutun haihuwa yadda yake a rubuce.

Saura kuɗi. Albashin farko kan yi jinkiri, wani lokacin watanni, don haka kada ku ci bashi a kan ariyas ɗin da ba ku gani ba. Ni na karɓi mota bashi tun kafin albashi ya daidaita don kada a ga malamin jami'a a kan acaɓa, kuma na daɗe ina biyan wannan ra'ayin. Ku lissafa da yajin aiki a cikin tsarinku domin yana cikin aikin: a 2020 ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta yi kusan wata tara, daga Maris zuwa Disamba, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kusan wata takwas ba albashi a jami'o'in tarayya, sai a 2024 aka biya na wata huɗu daga ciki. Waɗanda suka ɗan samu sauƙi a lokacin su ne masu ajiya a kofaretif ta ma'aikata da masu ɗan noma ko wata sana'a ta halal da ba ta cin lokacin aji. Ku je ofishin kofaretif ku cika fom a fara cire muku wani abu tun daga albashin farko, ko kaɗan ne, kuma ku tambaye su ko suna da tsarin bashi marar ruwa, da yawa suna da shi. Daga nan ku wuce ofishin fansho ku tabbatar lambar asusunku ta shiga daidai kuma ana zuba kuɗin duk wata.