Aika furanni zuwa ƙananan garuruwan kewayen Zariya a rana ɗaya

Mai son a kai wa wani ɗanyen fure a Giwa, Hunkuyi, Soba ko Makarfi kafin rana ta faɗi ya fara sanin cewa furen ba a garin yake ba, sau da yawa ma ba a Zariya yake ba. Furen wardi na shaguna ko dai daga Jos ake kawo shi, ko kuma daga Kenya ta jirgi, ya sauka a Legas ko Abuja. Shafukan intanet masu alkawarin kaiwa ko'ina a Najeriya galibi tasha suke kai kayan su ba direba. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce: a wane gari furen yake yanzu? Ya turo bidiyonsa ta WhatsApp, ba hoton talla ba.

In a Kaduna yake, akwai hali. Tsakanin Kaduna da Zariya kusan kilomita 80 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau, amma a ƙara lokacin da mota za ta cika, domin direba ba ya tashi saboda kwali ɗaya. A kammala ciniki da biyan kuɗi kafin ƙarfe 9 na safe, kwalin ya shiga mota kafin 11. In daga Abuja ne, sai dai motar sassafe, wato oda tun daren jiya. Ranar Juma'a a cire awa biyu na lokacin masallaci daga lissafi. A sa la'asar ta zama iyaka, domin direbobi da yawa ba sa son hanyoyin ƙauye bayan magariba.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin canjin mota. Motar Kaduna za ta sauke kwalin a tashar Kwangila ko wata tasha a cikin garin Zariya, daga nan sai an sake ba wata motar ko ɗan acaba. Idan babu wanda ke tsaye yana jira, kwalin zai zauna a rana gefen buhunan masara har a tuna da shi. Lallai a sami mutum ɗaya a Zariya da zai karɓa hannu da hannu, a ba shi lambar direba da lambar mota, a kuma rubuta lambar mai karɓar da manyan baƙaƙe a jikin kwalin.

Ɗaurin ma sai an faɗa wa mai shago dalla-dalla. A naɗe gindin karan da jiƙaƙƙiyar auduga, a sa leda a kan audugar a ɗaure da roba. Furen ya tsaya a cikin kwali mai huji a gefe, kada a rufe kansa da leda, domin gumi ke ruɓar da shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40, a sa ƙanƙarar fiya wata guda biyu a ƙasan kwalin, a naɗe su da jarida don kada su taɓa furen. A biya kuɗin kujera ɗaya in da hali. But ɗin mota tanda ce. Kada kuma a jera shi da ayaba, mangwaro ko tumatir, saboda iskar da suke fitarwa in suna nuna tana sa fure zubewa da wuri. Da hunturu kuwa busasshiyar iska ce ke ƙona bakin furen, sai a rufe kwalin da kyau. Wardi ya fi saurin langaɓewa. Furannin da ake kira kaneshan da kirisantimam sun fi jure wahalar hanya, suna iya kai mako biyu. Furen lili yana da kyau, amma hodar da ke tsakiyarsa tana ɓata farar shadda.

Sai kwatance. Lambar gida ba ta aiki a ƙaramin gari. A ce bayan masallacin Juma'a, gida na uku daga famfon burtsatse, a ambaci sunan maigidan da aka san shi da shi. Idan matar aure ko amarya za a kai wa, ɗan acaba ba zai wuce zaure ba, saboda haka a ba da lambar ƙaninta ko wani yaron gidan, a ƙara lamba ta biyu ta wani layin daban don matsalar sabis. Ɓoye abin don a ba ta mamaki yakan ƙare da kwali a ƙofar gida ita tana gidan biki.

Da ya isa, a yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da zai nutse. A lita ɗaya ta ruwan randa a zuba babban cokali ɗaya na sukari, biyu na ruwan lemon tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic, wato ruwan nan mai sa farin kaya haske. A canza ruwan bayan kwana biyu, a ajiye nesa da taga da fanka.

Wasu kan ce a haɗa musu da takardun naira a naɗe kamar fure. Babban Bankin Najeriya ya lissafa wannan cikin wulaƙanta naira, kuma dokarsa ta 2007 ta tanadi tarar aƙalla naira 50,000 ko ɗaurin aƙalla wata 6, ko duka biyun. In lokaci ya riga ya ƙure, masu sayar da shuke-shuke a bakin titi cikin Zariya suna da fure a tukunya, wanda ɗan acaba zai iya kaiwa Shika ko Hunkuyi cikin awa ɗaya ba tare da ƙanƙara ko auduga ba.