Wasiƙa daga Jamus: su ƙuri'a biyu, ni ko ɗaya babu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina nan lafiya, sai sanyi, shi ma mun fara sabawa da juna. Gaisuwar ke nan, a yi mini afuwa.

Tambayoyi uku kuke ta jefo mini: neman aiki, biza, da kuma wadda ta fi yawa tun da aka soma kaɗa gangar siyasa, wato "wai matasan can suna fita zaɓe kuwa, ko mu kaɗai muka gaji?" Duka ukun zan taɓa in Allah ya yarda. Amma amsar ta ƙarshen ba za ta fito ba sai na ba ku labarin wata takarda da ta hana ni barci.

In ka kama gida a ƙasar nan, doka ta ba ka mako biyu ka je ofishin rajistar mazauna ka shaida musu inda kake kwana. Ba a zuwa hannu rabbana. Sai da fasfo, da fom, da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai ka tare. Zuwan ma sai ka nemi rana ta intanet. Na yi kwana da kwanaki ina tashi da asuba ina latsa waya ko wani ya fasa in maye gurbinsa. Ranar da na samu, na isa da sanyin da ya sa yatsuna suka ƙi riƙe biro, matar ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini wani gurbi da ɗan yatsa: mai gida bai rubuta ranar tarewa ba. Shi ke nan, na koma. Kuma in ba ka yi rajistar nan ba, lambar harajinka ba za ta zo ba, buɗe asusun banki ma ya zama ɗan aiki. Ko ka yi, in babu sunanka a jikin akwatin wasiƙu na ƙofar gida, ɗan gidan waya zai juya da saƙonka. Ka sake gida, ka sake rajista. Na sha tsaki a kan wannan takarda fiye da yadda na yi wa dusar ƙanƙara.

Sai ga zaɓen majalisar tarayya na 23 ga Fabrairu 2025. Makonni kafin ranar, 'yar maƙwabciyata, yarinya 'yar shekara 19, ta ciro wasiƙa daga akwatinsu. An rubuta mata inda za ta jefa ƙuri'a, ranar Lahadi, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, da yadda za ta nemi a aiko mata da takardar ƙuri'a gida in ba za ta samu zuwa ba. Ba ta taɓa bin layin rajistar zaɓe ba. Daga wancan kundin mazauna da nake zagi aka ɗauko sunanta. Fiye da kashi 82 cikin ɗari suka yi zaɓe a lokacin, abin da ba a ga irinsa ba tun haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990.

Kada ku ɗauka duk matashin nan malamin siyasa ne. Akwai wani yaro da muke aiki tare, ɗan ƙasa, an haife shi nan ya yi karatu nan. Muna hutun rana ya ce shi bai san wanda zai zaɓa shugaban gwamnati ba. Sai da wata dattijuwa ta tuna masa cewa ba a zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye, 'yan majalisar tarayya, wato Bundestag, ne ke zaɓensa. Ƙuri'a biyu kowa ke jefawa a takarda guda: ta farko ga ɗan takarar mazaɓa, ta biyu ga jam'iyya. Shi a tunaninsa ta biyun ƙari ce kawai, tunda sunanta ta biyu. Alhali ita ke yanke yawan kujerun da kowace jam'iyya za ta samu cikin 630, kuma jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba yawanci waje take kwana. Ya yi shiru yana juya kofinsa, ya ce an koya musu a makaranta, ya manta.

Abin da na lura shi ne, a nan in ka manta, ana biyo ka da tuni. Hukumar wayar da kan jama'a kan siyasa tana da wata manhaja, Wahl-O-Mat, tun 2002. Batutuwa 38 take jero maka, ka ce ka yarda, ko ba ka yarda ba, ko kana tsakiya, sannan ta gwada amsoshinka da waɗanda jam'iyyun suka bayar da kansu. Na zauna na ga yarinyar nan tana yi a wayarta. Da sakamako ya fito ta dafe kai, don jam'iyyar da ta fi dacewa da ita ba ita ce wadda take yaɗa bidiyonta ba. Ta sake yi daga farko, wai ko ta latsa ba daidai ba.

Nan na tuna ƙanena da ke gida Najeriya. Dare guda yana iya rubuta sharhi hamsin a Facebook kan ɗan takarar shugaban ƙasa, har da ɓata da abokai. Na tambaye shi a waya wa ke wakiltarsa a majalisar dokokin jiha. Ya ce, "Yaya, wallahi sunan na bakina." Har muka yi sallama bai fito ba. Katin zaɓe kuwa ya yi rajista, bai je ya karɓa ba. Hujjarsa ita ce ta kowa: duk kanwar ja ce, kuma ko ka jefa, wanda suke so za su sanar.

Ban raina wannan hujja ba. Wanda ya wuni a layi, kayan zaɓe ba su iso ba sai rana ta take, ya koma gida ya ji sakamakon da bai yi kama da abin da ya gani ba, yana da dalilin yin fushi. Kuma ku sai kun bi layi ku yi rajista, ku sake bi ku karɓi kati, ku sake bi ku jefa, ita kuwa yarinyar nan akwati kawai ta buɗe. Amma ku dubi lissafin 2023 a Najeriya. Mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajistar INEC, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan shekara 18 zuwa 34. Waɗanda suka fita ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a kimanin miliyan 8.8. Waɗanda suka zauna gida sun ninka wannan adadi sau bakwai da ɗoriya. Ɗan siyasa ya iya wannan lissafi ko da bai iya komai ba, shi ya sa yake zuwa inda ya san za a fito, ku kuma ya bar muku waƙa da fosta.

Na kuma tambayi ƙanen nawa ko ya san shi ma ya isa tsayawa takara. Dariya ya yi. Tun 2018 Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Matasa ne suka yi fafutukar, amma da yawa ba su san an yi ba. Kuɗin fom da na kamfe wata magana ce, na sani. Sai dai majalisar jihar da ba ka san wakilinka a ciki ba ita ke amincewa da kasafin da makarantar sakandare da babban asibiti ke ci daga ciki. Ni da zan ba da shawara, da na ce kafin a shiga musun wa ya fi wa, kowa ya rubuta sunaye biyar: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha, ɗan majalisar wakilai, sanata. Ya nemi abin da doka ta ɗora wa kowanne. Mai neman kujerar majalisa da ya yi maka alkawarin aikin gwamna, daga nan za ka gane shi.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Ostiriya ta bai wa 'yan shekara 16 ƙuri'a tun 2007, Ostireliya kuma ta mai da zaɓe dole tun 1924. Tilas dai tana kai mutum rumfa, ba ta gaya masa abin da ke cikin takardar.

Ranar zaɓen nan ina tsaye a taga, da rigar sanyi biyu, ina kallon yarinyar da uwarta sun nufi makarantar unguwa. Ni ba ɗan ƙasa ba ne, ba ni da ƙuri'a a nan. A gida kuma har yanzu doka ba ta ba mazauna waje damar jefawa daga inda suke ba. Abin da ƙanena ya bari a ofishin hukuma yana shan ƙura, ni kuɗin jirgi ne tsakanina da shi.

Batun aiki, a koyi Jamusanci tun daga gida. Biza kuwa sai wata wasiƙar, don takardunta sun ninka waɗanda na ba ku labari. Ƙanena, na san za ka karanta. Ina nan ina jiran sunan nan da ka ce yana bakinka.