Sana'ar zuma a shagon unguwa: aikin da ake yi kafin kwalba ta hau kanta

A shago irin namu, inda zuma ke zaune kusa da dabino da habbatus-sauda da man zaitun da garin hulba, tambayar da ta fi yawa ita ce: "Malam, tsakani da Allah, babu haɗi?" Tambayar tana kan hanya, sai dai rabin matsalar kawai ta taɓo. Zumar da aka yi wa algus da narkakken sukari ko mazarƙwaila tana nan a kasuwa, ba mu musa ba. Amma galibin jarkokin da muke mayar wa masu kawowa zuma ce ta gaskiya da aka ɓata: an ɗebe ta ba ta nuna ba, ko an ɗora ta a wuta, ko an zuba ta a mazubin da bai dace ba. Ita ma wannan asara ce ga mai saye, kuma gwajin tsoma ashana a zuma a ƙyasta ba zai nuna masa ita ba.

Zumar da ke shigo mana Kano daga kudu take tahowa, inda daji ya fi kauri: Kudancin Kaduna, Bauci, Filato, Adamawa da Taraba har kan tsaunin Mambila, wani lokaci daga yankin Ngaundare na Kamaru. Babban ɗiba a bazara ake yi, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, bayan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro sun yi fure, kafin ruwa ya sauka. Akwai ƙaramin ɗiba bayan kaka. Mai shago da ya san kansa a bazara yake tara kayan shekara, domin zumar damina ruwa ya fi yawa a cikinta.

Launi ba shaidar komai ba ne. Fure ne ke ba da launi da ƙamshi, sai kuma shekarun saƙa. Sabuwar saƙa fara tana ba da zuma garai-garai, ita ce farar saƙa da mutane ke so. Tsohuwar saƙa da aka sha renon 'ya'ya a cikinta baƙa ce, kuma tana rina zumar. Wadda ƙudan suka yi kiwo a darbejiya takan zo da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, ba lalacewa ba ce. Ta Oku a Kamaru fara ce mai kauri kamar man shanu, har ta samu rajistar kariyar suna a 2013.

Ruwa shi ne babban al'amari, kuma a nan ne ciniki ke ƙulluwa ko ya warware. Ruwan furen da ƙudan zuma ke kwasowa yawancinsa ruwa ne. Sukan yi ta fifita shi da fukafukai har ruwan ya sauko wajen kashi 18 cikin ɗari, sannan su toshe bakin ramin da kaki. Saƙar da aka toshe ita ce nunanniya. Wadda bakinta ke buɗe ɗanya ce, in ka girgiza ta za ka ga tana ɗiga. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada a yanki saƙa sai an toshe aƙalla kashi uku cikin huɗu nata. Mai amyar gargajiya, ta ciyawa ko ta kututture da aka rataye a bishiya, da dare yake hawa da wutar kara a hannu, ƙuda na harbinsa, ba ya da sukunin zaɓe. Komai yake kwasowa: nunanniya, ɗanya, mai 'ya'ya, mai garin fure, har da toka. Mai akwati mai sanduna kuwa yana ɗaga saƙa ɗaya bayan ɗaya, ya yanki ta zuma ya mayar da ta 'ya'ya. Shi ya sa muke biyan mai akwati fiye da mai amya, ko da daji ɗaya suke kiwo.

Ma'aunin abinci na duniya, Codex, ya kayyade kada ruwan zuma ya wuce kashi 20. Mu a shago ba ma son ta haura 19, saboda zafin garinmu. Abin awon ɗan ƙarami ne, rifaraktomita, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Ana ɗiga zuma a kan gilashinsa, a rufe murfin har ta bazu ba kumfa, a jira kamar minti ɗaya, a ɗaga shi wajen haske a leƙa. Inda shuɗi ya haɗu da fari, nan ne lambar. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗibar samfur daga saman jarka kawai. Sama da ƙasa ba ɗaya ba ne, don haka sai an juya da doguwar sanda mai tsabta, ko a ɗebo daga wuri biyu. Wanda ba shi da na'urar yana iya amfani da sikeli: lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kilo 1.4 ko ɗan sama, jarka mai lita 25 kuwa wajen kilo 35 ban da nauyin robar. In ta gaza haka sosai, ruwa ya yi yawa. Sikeli dai ba ya kama ruwan sukari mai kauri, domin shi ma nauyi gare shi.

Idan ruwa ya haura 20, ƙwayoyin yis da ke cikin kowace zuma sai su farka. Jarkar takan kumbura har gindinta ya ƙi zama daidai a ƙasa. Kana sassauta murfi za ka ji fiss, kumfa ta biyo wuya, wari mai tsami ya bugi hanci. Wannan ta tafi, tafasawa ba ta dawo da ita. Kada a rikita ta da siririyar farar kumfa da ke taruwa a saman zumar da aka tace, wadda iska ce da ɓurɓushin kaki, ba ta wari, ba ta ƙaruwa.

Sai wuta. Wasu masu ɗiba suna zuba saƙa a tukunya su ɗora a murhu don ta narke da sauri. Kaki ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64, kuma kafin a kai nan ƙamshin fure ya gudu, sinadaran da ƙudan suka zuba sun fara mutuwa, launi ya yi duhu. Dafaffiyar zuma tana da ɗanɗanon ƙonannen sukari, ga kauri ga sheƙi, har ta fi wadda ba a dafa ba kyan gani, abin haushin ke nan. A ɗakin gwaji ana gane ta da wani sinadari, HMF, wanda ke ƙaruwa da zafi da daɗewa. Codex ya yarda da miligiram 40 a kilo, ya ɗaga zuwa 80 ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu. Jarkar da aka bari a rana a tasha kwana da kwanaki ita ma tana cin wannan kason.

Saboda haka mun fi son a kawo mana zuma da saƙarta, a bokiti mai murfi. Ido yana ganin toshewar, kuma algus ya fi wuya, ko da yake mai son zuciya yana iya shayar da ƙudan ruwan sukari su saƙa da shi. Da farko a ware saƙar: fara gefe guda, baƙa gefe guda, mai 'ya'ya a fitar da ita gaba ɗaya, domin ita ce ke kawo ƙarni da saurin tsami. A farfasa a kan rariya, a bari ta tsiyaye da kanta kwana ɗaya a ɗaki mai ɗumi, ƙofa da taga a rufe ruf, in ba haka ba ƙudan unguwa za su zo karɓar kayansu. Wadda ta tsiyaye da kanta ita ce lamba ɗaya. Wadda aka matse daga ragowar ta fi garin fure da gurɓata, ita ce lamba biyu, kuɗinta daban. Daga nan a sake tacewa da ƙyalle mai laushi, a bar ta kwana biyu zuwa uku a bokiti mai famfo a ƙasa, a yaye kumfar sama, a ɗura daga ƙasa. Ragowar kakin a wanke, a narka, a zuba a mazubi ya daskare. Masu man shafawa da masu man takalmi suna saye.

Mazubi ba abin rainawa ba ne. Zuma tana kwasar wari, jarkar da ta taɓa ɗaukar manja ko kalanzir ba ta wankuwa. Tana da ɗan tsami a halittarta, don haka tana cin baƙin ƙarfe da bokitin kwano, ta yi baƙi ta ɗauki ɗanɗanon tsatsa. Gilashi, ko robar abinci, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, su ke nan. Kuma kwalba ta bushe ƙayau kafin a ɗura, domin zuma tana jan danshi, har na iska a watan Agusta.

A lissafi, jarka mai lita 25 ya kamata ta cika gora 33 masu santilita 75. A aikace ba ta kaiwa, tacewa da kumfa da abin da ya manne a jikin roba suna cin nasu. Mai shagon da ya yanka farashi a kan 33 zai yi ta mamakin inda ribarsa ta shiga. Gora kuma ba ma'auni ba ce, wani yana cikawa har baki, wani ya tsaya a wuya. Mai saye ya nemi a ɗora masa a sikeli. Gora mai santilita 75 ta ɗan haura kilo ɗaya.

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa a WhatsApp kuwa, yawancinsu kauri kawai suke aunawa. Ashanar da aka tsoma ta kama wuta, ruwa ne ya yi kaɗan, kuma ruwan sukari mai kauri ma zai ci wannan jarrabawa. Haka ɗigon da ya nutse a kofin ruwa bai watse ba, haka wanda bai huda takarda ba. Batun cewa kiyashi ba ya bin zumar gaskiya, duk mai shagon zuma dariya zai yi, don kullum yaƙi muke da su a ƙafar kanta. Gwajin ɗiga aidin kuwa, sitaci kawai yake kamawa. Sukarin rake ko na masara da aka haɗa da gwaninta sai ɗakin gwaji. Abin da ya rage wa mai saye shi ne hanci da harshe da tambaya: daga wane gari, ɗiban wane wata, nawa ruwanta ya nuna, an taɓa ɗumama ta? Mai shagon da ya san kayansa ba zai yi inda-inda ba, kuma zai ba ka ka lasa. A fara da ƙaramar kwalba. In an yi mata suna da tambari, a duba lambar NAFDAC da nauyi da kwanan wata.

Da hunturu ƙorafi ke yawa. "Alhaji, zumarka ta koma sukari." Daskarewa halin zuma ne. Gulukos ɗin da ke cikinta ne ke haɗuwa ya yi tsakuwa-tsakuwa, ya fi sauri idan sanyi ya sauko wajen digiri 14, kuma wata zumar ta fi wata saurin yi gwargwadon furenta. A tsoma kwalbar a ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, wajen digiri 40, ana juyawa har ta sake. Ba a kan wuta ba, kuma ba a ajiye ta a firji. In ta rabu biyu, ƙasa daskararre sama ruwa-ruwa, a narka a gauraya da wuri, domin na saman ya fi ruwa, shi ke fara tsami. Cokali mai jiƙa ma yana jawo haka.

Abu biyu ba ma sayarwa a kansu ko da za a ji haushinmu. Jariri da bai cika wata 12 ba ba a ba shi zuma, ko lasawa ce ranar haihuwa, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim wadda hanjinsa bai isa ya kashe ba, kuma tsabtar zumar ba ta hana wannan. Mai ciwon sukari kuma, wajen kashi 80 na zuma sukari ne, na gaskiyar ma haka take. Ya tambayi likitansa kafin ya tambaye mu.

Kowace jarka da ta shigo tana da layi a littafi: garin da ta fito, wanda ya kawo, ranar shigowa, nauyi da lambar ruwa. Lambar layin muke rubutawa a gindin kowace kwalba, mu kuma ajiye ɗan samfur a rufe har kayan su ƙare. In Hajiya ta dawo da kwalba ta ce ta yi tsami, sai a ɗauko samfurin a buɗe a gabanta. In shi ma ya yi, a canza mata, a sauke sauran 'yan layin daga kanta, mai kawowa kuma zuwansa na gaba sai da saƙa.